Labarin Zuciya a Tambayi Jini: Awon Sinadaran Zuciya ga Masu Gubar Jini a Sashen Gaggawa



Gabatarwa

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Zuciyar da suke nufi ita ce wadda ake fushi da ita, ake murna da ita. Wadda zan yi magana a kanta yau kuwa ita ce tsokar nan da ke cikin ƙirji, wadda ke bugawa wajen sau 100,000 a kwana ɗaya, tana tura jini kimanin lita 5 a kowane minti ko mutum yana kwance. Ita wannan, in ta shiga wahala, ba kullum fuska ke nunawa da wuri ba. Saboda haka likitoci suka shiga koyon tambayar jini labarinta.

Bari in fara da misali. A ɗauka dare ya raba, an kawo mutum biyu sashen gaggawa na wani asibiti, kowannensu da zazzaɓi mai zafi da haki, kowanne kuma yana iya amsa gaisuwa. Gado ɗaya ne ya rage a ɗakin kulawa ta musamman. Mai yiwuwa ne ɗayansu ya miƙe cikin kwana uku, ɗayan kuma jikinsa ya rikice kafin asuba. Likitan da ke aiki a daren nan yana so ya san wane ne wane, tun abin bai bayyana ba. Tambayar da wannan lacca za ta duba ita ce, shin awon wasu sinadarai da zuciya ke saki cikin jini zai iya taimakonsa? In zai iya, ina taimakon ya tsaya?

Zan fara da bayanin ciwon kansa da abin da yake yi wa zuciya, sa'an nan sinadaran da ake aunawa da abin da bincike ya nuna game da su, kana iyakar amfaninsu, daga ƙarshe kuma matsayinsu a asibitocinmu.

1. Mece ce Gubar Jini?

Sunan da likitoci ke kiran wannan ciwo shi ne sefsis, kalma ce mai asali daga Girkanci, ma'anarta ruɓewa. Mu a nan an fi cewa gubar jini. Da ita zan yi amfani, amma da sharaɗin mu gane cewa sunan bai kama ma'anar duka ba, domin wanda ya ji shi zai zaci wani dafi ne ya shiga jini daga waje. Abin da ke faruwa shi ne, ƙwayoyin cuta sukan kama wani sashe na jiki, kamar huhu, ko hanji, ko mafitsara, ko mahaifa bayan haihuwa, ko wani gyambo. Sai garkuwar jiki ta tashi yaƙi, yadda ta saba. Amma a wasu mutane yaƙin yakan wuce iyaka, har ya koma yana ɓarna ga jikin da ya tashi karewa. Jijiyoyin jini su saki su riƙa yoyo, matsin jini ya faɗi, ƙoda ta rage fitar da fitsari, huhu ya kasa ɗaukar iska, hankali ya rikice.

An daɗe ana gardama a kan ma'anar ciwon. A 1991 wani taron likitoci a Amurka ya ɗora ma'anar a kan alamu huɗu, watau zafin jiki ko sanyinsa, saurin bugun zuciya, saurin numfashi, da yawan fararen ƙwayoyin jini ko ƙarancinsu. Daga baya aka ga waɗannan alamu suna kama mutane da yawa waɗanda ba su cikin haɗari. A 2016 aka sake ma'anar, aka ce gubar jini ita ce gazawar gaɓoɓin jiki mai iya kai ga mutuwa, wadda ta samo asali daga rikicewar martanin da jiki ya mayar wa ƙwayoyin cuta. In matsin jini ya ƙi tashi bayan ƙarin ruwa har sai an haɗa da maganin ɗaure jijiyoyi, to an kai mataki mafi tsanani.

Girman al'amarin ya fito fili a wani ƙiyasi da mujallar Lancet ta buga a 2020. An ƙiyasta cewa a shekarar 2017 an sami wannan ciwo sau miliyan 48.9 a duniya, mutum miliyan 11 kuma suka mutu, watau kusan mutuwa ɗaya ke nan cikin kowace biyar da aka yi a shekarar. Kimanin kashi 85 cikin ɗari na masu ciwon suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ne da matsakaita, Afirka kudu da Sahara kuwa tana cikin yankunan da abin ya fi tsanani. A 2017 ɗin ne kuma babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri yana kiran ƙasashe su ba ciwon muhimmanci.

Wani abin lura shi ne gaggawarsa. Wani bincike da aka buga a 2006 ya duba majinyata fiye da 2,000 waɗanda matsin jininsu ya faɗi, ya ga cewa duk sa'a ɗaya da aka yi jinkirin ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da ya dace, damar rayuwa tana raguwa da wajen kashi 7.6 cikin ɗari. Ina roƙon a riƙe wannan, domin za mu komo kansa.

2. Abin da Take Yi wa Zuciya

Da, likitoci da yawa suna ganin zuciyar mai gubar jini lafiya lau take, domin galibi a farkon ciwon fatarsa tana da ɗumi, jijiyar hannunsa kuma tana harbawa da ƙarfi. A 1984 Margaret Parker da Joseph Parrillo da abokan aikinsu, a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, suka auna zukatan mutum 20 da ke cikin mataki mafi tsanani. Lafiyayyar zuciya takan fitar da fiye da rabin jinin da ke cikin babban ɗakinta na hagu a kowane bugu. A cikin mutum 10 daga cikin 20 ɗin nan, abin da take fitarwa bai kai kashi 40 cikin ɗari ba, ɗakin kuma ya buɗe ya yi faɗi. Abin mamaki, dukan goman nan suna cikin mutum 13 da suka rayu, kuma cikin kwana goma zukatansu suka koma daidai. Binciken baya bai tabbatar da cewa wannan rauni yana kāre mutum ba, amma ya tabbatar da abu biyu: raunin yana faruwa sosai, kuma ga mafi yawan waɗanda suka rayu yana warkewa.

To, me ke kawo shi? Tunanin farko shi ne ko jini ne ba ya isa tsokar zuciyar. A 1986 aka auna jinin da ke bi ta jijiyoyin da ke ciyar da zuciya, aka tarar bai ragu ba, a wasu ma ƙaruwa ya yi. Shekara ɗaya kafin haka, Parrillo ya ɗauki ruwan jinin majinyata ya zuba a kan ƙwayoyin tsokar zuciyar ɓera waɗanda ke bugawa a cikin faranti, sai ƙarfin bugunsu ya ragu. Da ya zuba na waɗanda suka warke, ba abin da ya faru. Ke nan akwai wani abu cikin jinin da ke kashe wa zuciya gwiwa. A 1996 aka nuna cewa wasu sinadarai biyu na garkuwar jiki, waɗanda likitoci ke kira TNF da IL-1, suna da babban hannu a ciki. Ban da su, akwai gajiyar da saurin bugu ke jawowa, da toshewar ƙananan jijiyoyi, da raunin sassan ƙwayar tsoka waɗanda ke samar mata da ƙarfi.

Sanin halin da zuciya ke ciki yana da muhimmanci ga likita, domin abu na farko da ake yi wa wanda matsin jininsa ya faɗi shi ne ƙarin ruwa. Zuciya mai ƙarfi takan karɓi ruwan ta zagaya da shi. Mai rauni kuwa tana iya kasawa, sai ruwan ya taru a huhu, mutum ya riƙa shaƙewa. Ana iya ganin raunin da na'urar hoton zuciya, amma wannan tana bukatar gwani a kusa, ba kuwa kowane dare ake samunsa ba. Ɗiban jini kuwa kowace nas ta iya. Wannan ne ya jawo hankali ga sinadaran da za mu duba yanzu.

3. Saƙon Zuciya Cikin Jini

Sinadari na farko shi ne turofonin. Wani masanin Japan, Setsuro Ebashi, shi ya gano shi a 1965. Furotin ne da ke cikin zaren tsoka, aikinsa kuwa kamar na sakata: in sinadarin kalsiyam ya zo ya kama shi, sai ya zare, tsoka ta tsuke, in ya sake shi, sai ta saki. Iri uku ne, kuma biyu daga ciki, waɗanda ake kira T da I, na zuciya sun bambanta da na sauran tsokar jiki. Mazauninsu cikin ƙwayar tsoka ne, saboda haka in an gan su da yawa cikin jini, to ƙwayoyin zuciya sun ji rauni sun yi yoyo. A ƙarshen shekarun 1980 Hugo Katus a Jamus ya ƙirƙiro hanyar auna nau'in T, a shekarar 2000 kuma ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Amurka suka mai da turofonin babban ma'aunin gane toshewar jijiyar zuciya. Yakan fara hawa sa'a biyu zuwa huɗu bayan rauni, ya kuma daɗe kwanaki bai sauka ba. Na'urorin da aka fara aiki da su wajen 2010 suna da kaifi ƙwarai: ga nau'in T, iyakar da aka sa wa mai lafiya ita ce nanogiram 14 a lita ɗaya ta jini, nanogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan dubu na giram.

Sinadari na biyu labarinsa daban ne. A 1981 Adolfo de Bold a Kanada ya niƙa tsokar saman zuciyar ɓera ya yi wa wasu ɓeraye allurar ruwanta, sai suka yi ta fitsari suna zubar da gishiri. Wannan ya nuna cewa zuciya, ban da tura jini, tana aika saƙo ga ƙoda. A 1988 masu bincike a Japan suka gano ɗan'uwan wannan sinadari a ƙwaƙwalwar alade, suka sa masa suna BNP, harafin farko yana nufin ƙwaƙwalwa. Daga baya aka gane ainihin tushensa manyan ɗakunan zuciya ne, amma sunan ya riga ya bi shi. In bangon zuciya ya miƙe saboda jini ya yi masa yawa ko ƙarfinsa ya gaza, sai ya saki wani dogon furotin wanda ke rabewa biyu. Guntu ɗaya shi ne BNP, mai umartar ƙoda ta zubar da ruwa da gishiri. Ɗayan, NT-proBNP, ba shi da aiki, amma ya fi daɗewa cikin jini, don haka ya fi daɗin aunawa.

A taƙaice, turofonin yana ba da labarin rauni, BNP kuma yana ba da labarin nauyin da zuciya ke ɗauke da shi. Dukansu don masu ciwon zuciya aka fara auna su. Sai da aka riƙa ganin sun hau a jinin masu gubar jini, waɗanda jijiyoyin zuciyarsu ba su toshe ba, sa'an nan aka fara tambaya ko suna da wani labari dabam.

4. Abin da Bincike ya Nuna

A 2001 likitoci a Suwizalan suka auna turofonin a jinin mutum 20 masu gubar jini, suka tarar ya hau a 17, alhali a mafi yawansu ba a ga shaidar toshewar jijiya ba. Ruwa ba ya tsami banza, sai aka shiga bin sawun irin waɗannan majinyata don a ga ƙarshensu. A 2013 wasu masana a Faransa suka tattara bincike 13 da suka ƙunshi mutum 1,227. Turofonin ya hau a kimanin kashi 61 cikin ɗari, kuma haɗarin mutuwa ga waɗanda nasu ya hau ya kusa ninka na sauran sau biyu.

Haka aka yi wa BNP da ɗan'uwansa. A 2012 aka tattara bincike 12 masu ɗauke da mutum 1,865, aka ga alaƙa mai ƙarfi tsakanin hawansu da mutuwa. A Italiya, wani bincike da aka buga a 2016 ya auna sinadaran biyu a jinin mutum 995 a rana ta farko da ta biyu da ta bakwai. Kusan dukansu NT-proBNP ya hau, fiye da kashi 80 cikin ɗari kuma turofonin ya hau. Wannan ya koyar da cewa tambayar ko ya hau ko bai hau ba ba ta wadatar ba, tunda kusan kowa nasa ya hau. Sai an duba yawan hawan, da kuma inda ya nufa a awo na biyu. A binciken nan NT-proBNP ya fi turofonin nuna waɗanda za su mutu.

Galibin waɗannan ayyuka a ɗakunan kulawa ta musamman aka yi su, inda an riga an san majinyaci yana cikin haɗari. Sashen gaggawa kuwa shi ne mararraba, inda ake yanke shawarar wa za a sallama, wa za a kai ɗakin jinya, wa za a sa wa ido dare da rana. A 2014 likitocin sashen gaggawa na asibitin jami'ar Laidin a Holan suka buga sakamakon awon turofonin ga waɗanda suka zo da alamar kamuwa da ƙwayoyin cuta. Sun ga awon yana ƙara haske a kan ma'aunin da suka saba amfani da shi, kuma waɗanda nasu bai hau ba haɗarinsu ƙanƙane ne. Watau mai yiwuwa babban amfanin awon a wannan wuri shi ne kwantar da hankali game da wanda nasa ke ƙasa, da tayar da hankali game da wanda ke zaune yana hira amma nasa ya yi sama. In muka koma ga mutum biyun nan na farkon lacca, irin wannan ne taimakon da likitanmu zai samu.

5. Iyakar Abin da Awon ke Faɗa

A nan ne ya kamata mu yi hattara, domin lambobi suna da kwarjini, mutum yakan ba su gaskiyar da ba su nema ba. Akwai iyakoki huɗu.

Na farko, awon yana magana ne a kan taro. A tattarawar 2012 da na ambata, cikin kowane mutum 100 da suka mutu, awon ya kama wajen 79, ya tsallake 21. Cikin kowane 100 da suka rayu kuma, wajen 40 ya nuna su cikin haɗari. Manomi in ya ga hadari ya haɗu a gabas yakan kwashe shanyarsa, ya kuwa yi daidai, amma ya san ba kowane hadari ke zubar da ruwa a gonarsa ba. Haka likita ya kamata ya ɗauki wannan awo.

Na biyu, abubuwa da yawa suna ɗaga waɗannan sinadarai ban da gubar jini. Tsufa yana ɗaga su. Ciwon ƙoda yana ɗaga su, musamman NT-proBNP, tunda ƙoda ce ke tace shi, ga shi kuwa gubar jini kanta tana taɓa ƙoda. Tsohon ciwon zuciya, da rikicewar bugunta, da gudan jini a huhu, duka suna ɗaga su. Ƙiba kuma tana rage BNP. Lamba ɗaya ke nan tana iya zama da ma'ana dabam ga saurayi ɗan shekara 25 da dattijo ɗan 75.

Na uku, ba kullum awon ke faɗin abin da likita bai riga ya sani ba. A Finlan, wani bincike na 2011 ya ga turofonin ya fi hawa a jinin waɗanda suka mutu, amma da aka sa shekarun majinyaci da tsananin ciwonsa cikin lissafi, sai awon ya daina ƙara wani haske na kansa. Har yau binciken da ake yi bai haɗu a kan lamba ɗaya da za a ce daga nan haɗari ya fara ba, domin na'urori sun bambanta, majinyata ma haka.

Na huɗu shi ne mafi nauyi. Sanin cewa mutum yana cikin haɗari ba ya amfani sosai sai in akwai abin da za a yi masa dabam. A Birtaniya an gwada wani magani mai ƙarfafa bugun zuciya, lebosimendan, ga mutum 516 masu gubar jini mai tsanani. Sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna bai taimaka ba. A 2019 aka koma aka ware waɗanda turofonin ko NT-proBNP nasu ya hau, a ga ko su sun amfana. Su ma ba su amfana ba. Akwai kuma haɗarin kuskure: likitan da ya ga turofonin ya hau zai iya zaton jijiya ce ta toshe, ya ba da maganin tsinka jini ga wanda jininsa da ma ya rikice. Saboda irin waɗannan dalilai, ƙa'idojin jinyar gubar jini da ƙungiyoyin likitocin Turai da Amurka suka fitar a 2021 ba su sa waɗannan sinadarai cikin matakan farko ba. Abin da suka sa gaba shi ne gane ciwon da wuri, auna sinadarin laktet wanda ke nuna ko jini yana isa gaɓoɓi, ɗaukar jini don gano ƙwayar cutar, da ba da magani cikin sa'a ɗaya ga wanda matsin jininsa ya faɗi.

6. Matsayinsa a Asibitocinmu

Kusan duk binciken da na lissafa a Turai da Amurka da Asiya aka yi shi. Akwai dalilin da zai hana mu ɗauko sakamakonsa mu ɗora wa majinyatanmu ba tare da gwaji ba, dalilin kuwa ya shafi zuciya da ruwa. A 2011 aka buga sakamakon gwajin da aka yi wa yara fiye da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani a Kenya da Yuganda da Tanzaniya. Waɗanda aka yi wa ƙarin ruwa da sauri, yadda ake koyarwa a lokacin, kimanin kashi 10.5 cikin ɗari suka mutu cikin kwana biyu. Waɗanda ba a yi musu haka ba, kashi 7.3. A 2017 wani gwaji a Lusaka ta Zambiya, a kan manya 209, ya ga mutuwar kashi 48 cikin ɗari ga waɗanda aka bi da su da tsarin ruwa mai yawa, da kashi 33 ga waɗanda aka yi wa jinya yadda aka saba. Abin da aka ɗauka alheri ne a inda na'urar taimakon numfashi ke kusa da gado, ya zama cuta a inda babu ita. In magani zai iya juyewa haka, ma'auni ma zai iya.

Majinyatanmu kuma suna da nasu siffofi. Galibinsu matasa ne da yara, ciwon nasu kuma sau da yawa daga taifot ne da ta huda hanji, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon bayan haihuwa. A 1978 Davidson da Parry suka buga bayanin mata 224 da zuciyarsu ta gaza a lokacin jego a Zariya, suka kuma danganta yawan abin da wankan jego da kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta. Ƙasar Hausa tana cikin wuraren da wannan ciwo ya fi yawa a duniya. In aka kawo mai jego da zazzaɓi aka ga BNP nata ya yi sama, tilas likita ya tambaya, gubar jini ce ta ɗaga shi, ko zuciyar ta riga ta gaza tun kafin zazzaɓin? Haka masu sikila, da yawa daga cikinsu NT-proBNP nasu yana sama ko ba su da zazzaɓi. Lambar da aka tsayar a Holan ba lalle ta dace da su ba.

Saboda haka ina ganin abubuwa uku sun wajaba. Na ɗaya shi ne kiyaye tsari. A galibin asibitocinmu dangi ne ke biyan kuɗin gwaji da magani daga aljihunsu. In kuɗin bai isa duka ba, maganin kashe ƙwayoyin cuta da iskar oksijin su ne gaba, kuma kada a jira sakamakon wani awo kafin a fara su. Mun ji abin da jinkirin sa'a ɗaya ke yi. Akwai alamu uku da ba su cin ko kwabo: numfashi 22 ko fiye a minti, matsin jini na sama 100 ko ƙasa da haka, da rikicewar hankali. Wanda ya haɗa biyu daga ciki yana cikin haɗari, ko da yake rashinsu bai isa a ce mutum ya kuɓuta ba. Awon sinadaran zuciya yana zuwa ne bayan wannan, ya taimaka wajen zaɓen wanda za a yi wa hoton zuciya, da wanda za a yi wa ƙarin ruwa sannu a hankali ana sauraren huhunsa.

Na biyu shi ne bincike. Asibitocin koyarwa na jami'o'inmu suna da majinyata da ɗalibai da ɗakunan gwaji. Abin da ake bukata shi ne a auna waɗannan sinadarai a ranar zuwa da washegari, a rubuta shekaru da halin ƙoda da tushen ciwon, a bi majinyaci har kwana 28, asibitoci da yawa kuma su haɗa sakamakonsu.

Na uku ya shafi harshe. In likita ya ce wa dangi zuciyar majinyacinsu ta taɓu, abin da za su ji shi ne ciwon zuciya wanda ba ya warkewa, wasu ma sai su fid da rai su nemi a sallame su. Ya kamata a gaya musu da Hausa mai sauƙi cewa zafin ciwon ne ya gajiyar da zuciyar, awon jini ya nuna yana bukatar kulawa fiye da saura, kuma in Allah ya ba shi lafiya, galibi zuciyar takan koma daidai cikin mako ɗaya ko kwana goma. Sanin ranar mutuwar wani ba ya hannun likita, ba ya kuma cikin takardar ɗakin gwaji.

Kammalawa

Jama'a, mun ga cewa gubar jini tana taɓa zuciya a cikin majinyata da yawa, zuciyar kuma tana barin shaida cikin jini, watau turofonin da BNP. Mun ga cewa waɗanda shaidar nan ta yi yawa a jininsu sun fi shiga haɗari, amma awon yana kuskure ta ɓangarori biyu, abubuwa da dama suna ruɗa shi, kuma gwajin da aka yi bai nuna wani magani na musamman da za a ba wanda nasa ya hau ba. Likitan nan namu mai gado ɗaya da majinyata biyu zai amfana da shi in ya haɗa shi da ƙirga numfashi, da auna matsin jini, da duba fitsari, da kallon fuskar majinyacin kanta, bayan ya riga ya ba su duka biyun magani. Abin da ya rage a kanmu shi ne mu auna namu majinyata, mu san tamu lamba.